Shela da Sanarwa: Yadda Maganar Gwamna Ta Riƙa Isa Karkarar Kano

Akwai wata kalma ta Ingilishi wadda ta wahalar da tafintoci da malaman ofis a ƙasar Kano tun daga zuwan Turawa har bayan tafiyarsu, ita ce proclaim, tare da ƙannenta biyu, declare da announce. Duka ukun suna nufin a faɗa wa jama'a magana a sarari da izinin hukuma. Mai son sauƙi sai ya ce ai wannan ba wuya, "yi shela" ke nan, ya wuce abinsa. Amma duk wanda ya taɓa riƙe alƙalamin ofis ya san ba nan gizo ke saƙa ba, domin shelar Bature da shelar Bahaushe sun haɗu a suna, sun rabu a aiki. Kuma a kan wannan rabuwa an yi yaƙi, bayi sun gudu an komo da su, an yi cinikin gonakin da doka ta ce ba su sayuwa. Saboda haka ya kamata wanda ya koyi karatu, har yana iya karanta takardar hukuma da kansa, ya san tarihin kalmar da ke bisa kan takardar.

Bari mu fara da shela yadda kakanninmu suka san ta. A zamanin da, in Sarkin Kano yana da magana ga talakawansa, ba ya rubuta ta ya manna a bango. Wasiƙa ta tsakanin manya ce, da Larabci ake yinta, a buga mata hatimi, a ba manzo. Talaka kuwa da kunne ake isar masa. Sai a sa mai shela ya fita, wani lokaci da makaɗi a gabansa yana gangami don mutane su taru, in kuwa batun yaƙi ne a buga kuge. Ya tsaya a ƙofar fada ko tsakiyar kasuwa, ya ɗaga murya, ya fara da gaisuwar Sarki ga jama'a, sa'an nan ya ce Sarki ya ce kaza da kaza, wanda ya ƙetare kuwa ya kuka da kansa. Waɗansu suna ce wa wannan yekuwa. Abin lura a nan shi ne, shela tana da mai ita, wanda ake ambata sunansa tun a farko. Tana da lokaci da wuri. Kuma ba ta zama shela sai murya ta fita kunne ya ji. Shi ya sa a gaban alƙali ko dagaci mutum yakan kare kansa da cewa, "Ban ji shela ba," a kuma saurare shi.

To, ƙasar da ke arewa da birnin Kano, watau Ungogo da Minjibir da Gezawa da Dawakin Tofa, har zuwa Bichi da Dambatta, tana da wani hali nata wanda ya ƙara wa mai shela aiki. Ƙasa ce mai yawan jama'a ƙwarai, gona na jingine da gona, iyakarsu layin gamba, ba daji sai ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo a tsaye cikin shuka. Ba a barin gona ta huta, kowace shekara sai an noma ta, da taimakon takin da jakuna ke kwasowa daga birni bayan sun kai itace. Mutane da yawa ba a cikin gari mai ganuwa suke zaune ba, gidajensu a warwatse suke cikin gonaki, unguwa nan unguwa can. Shela guda a ƙofar gidan dagaci ba ta isa kowa. Dole a bi ranar kasuwa, a bi masallacin Juma'a, sa'an nan mai unguwa ya sa a kewaya da dare bayan lisha, lokacin da gari ya yi tsit, murya ke tafiya nesa. A wannan sa'a ce matan da ke cikin kulle ke jin magana ta kan danga, su da takarda ba ta taɓa isa gare su. Shelar da kowane yaro na wannan ƙasa ya tashi da ita ita ce ta farkon damina, wadda ake cewa kowa ya ɗaure awakinsa da tumakinsa, shuka ta fito. A inda ba tazara tsakanin turke da gonar maƙwabci, wannan shela ita ce ke hana faɗa.

Turawa kuwa da wata irin shela suka zo. Ran 1 ga Janairu 1900, a Lakwaja, aka sauke tutar Kamfanin Neja aka ɗaga ta Ingila, aka karanta takarda cewa ƙasashen Arewa sun shiga hannun Sarauniya, Lugga ne babban wakilinta. Sunan takardar Proclamation. Daga ran nan har shekarar 1914, da aka haɗa Arewa da Kudu, kowace doka da Gwamnan Arewa ya yi da wannan suna ake kiranta. A wurinsu da zarar Gwamna ya sa hannu, an buga a jaridar gwamnati da ake kira Gazet, to, magana ta zauna, ta hau kan kowa, ko an ji ko ba a ji ba. Gazet ɗin nan da Ingilishi ake buga ta, a lokacin da ba a ko buɗe makarantar boko a Kano ba, don sai a 1909 Ɗan Hausa ya fara tasa a Nasarawa. Ashe ke nan ana iya yin shela a Zungeru, a rufe ta cikin akwati, ba wanda ya buɗe baki.

Wahalar farko ta faɗo ne a kan mafi girman mutane. A cikin shekarar 1900 ɗin aka fassara takardar Lakwaja, aka ba manzo ya kai wa Sarkin Musulmi Abdurrahman a Sakkwato. Sarkin Musulmi bai ba da amsa ba, Lugga kuwa ya ɗauki shirun a kan wulakanci. A ganina da akwai wanda ya san al'adar ƙasa kusa da shi, da ya gaya masa shela ba ta da amsa. Daga sama take saukowa ƙasa, ubangida ke yi wa barorinsa. Tsakanin sarki da sarki wasiƙa ake yi, daga wane zuwa ga wane, da gaisuwa da girmamawa kafin a kai ga bukata. Wanda ya aika wa Sarkin Musulmi shela ya riga ya lissafa shi cikin talakawansa tun bai karanta layin farko ba. Bayan haka, a 1902, wata wasiƙa ta zo wa Lugga da sunan Sarkin Musulmi, shi kuwa ya ce ma'anarta an ɗaura yaƙi tsakaninsu, ya kafa hujja da ita a wurin manyansa na Landan. Fassarar Ingilishi ce ta wanzu, asalin na Larabci ba a same shi ba, har wani tsohon jami'in mulki mai suna Muffett ya yi dogon bincike a kan wannan cikin littafin da ya fitar a 1964. Ga yaƙin da ya ci Kano da Sakkwato, hujjarsa na rataye a bakin mai fassara.

Kano ta faɗi ran 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. Sakkwato ta bi baya ran 15 ga Maris. Ran 21 ga wannan wata Lugga ya tara Waziri da manyan gari ya yi musu jawabi, wannan karon da baki, tafintansa Kiyari yana juyawa da Hausa, Manjo Burdon, wanda ya iya Hausa, yana bin fassarar kalma kalma. Abin da ya gaya musu shi ne, abin da Fulani suka samu da yaƙi, watau naɗa sarakuna da karɓar haraji da iko a kan ƙasa, yanzu ya koma hannun Turawa da yaƙi, amma ba za a taɓa addini ba. Ko kusa maganar ba ta da daɗi, amma dai an ji ta, an san mai ita, an ga bakin da ta fito. A watan Afril ya zo Kano ya tabbatar wa Wambai Abbas sarauta a kan sharuɗɗa irin waɗannan. Daga nan aka shiga tsarin da ya daɗe shekara sittin da ɗoriya: Gwamna ya rubuta, Razdan ya gaya wa Sarki, Sarki ya aika wa hakimi, hakimi ya kira dagatai, dagaci ya gaya wa masu unguwa, mai shela ya fita.

Kafin Turawa hakiman Kano a birni suke zaune, jakadu ke kai saƙonsu ƙauye. Razdan Cargill, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma, shi ya yanka ƙasa gunduma gunduma, ya tilasta wa hakimai su fita su zauna cikin jama'arsu. Haka Madaki ya zauna a Dawakin Tofa, Sarkin Bai a Dambatta. Bichi kuwa ta zama mazaunin Ciroma, inda Abdullahi Bayero ya yi hakimci kafin ya hau gadon sarauta a 1926, ɗansa Muhammadu Sanusi ya gaje shi a can. Kowane hakimi aka ba shi malami mai rubutu. A hannun waɗannan malamai, da akawunan ofishin Razdan da na En'e, nauyin kalmar nan tamu ya sauka.

Ga inda wuyar take. Takardar Bature takan buɗe da magana wadda ba ta da mai faɗi, kamar a ce "an yi shela da wannan takarda cewa". Hausa ba ta rasa irin wannan gini ba, muna cewa an ce, an hana, an kama. Amma je ka tsaya a kasuwar Kunya ka ce "an ce a kawo haraji", kafin ka rufe baki wani zai tambaye ka, "In ji wa?" Maganar "an ce" jita-jita ce. Saboda haka tilas malami ya samo wa shela uba. In ya rubuta "Gwamna ya ce", ya faɗi gaskiya, amma ya nuna wa talakawa Sarkinsu ɗan aike ne, abin da Turawa da kansu ba su so, tun da duk dabarar mulkinsu ita ce umurni ya fito ta bakin Sarki. In kuwa ya rubuta "Sarki ya ce", magana za ta shiga, za a bi, amma an ɗora wa Sarki abin da wataƙila shi ma da safe ya ji shi. Galibi na biyun aka bi. Da haka duk wata doka mai ɗaci, ta haraji ko ta aikin tilas ko ta hana saran itace, ta isa ƙauye da sunan Sarki da hakimi, Bature yana gefe hannunsa fes. Lokacin da jam'iyyar NEPU ta tashi a Kano a 1950 tana sukar En'e, da yawa daga laifin da talakawa ke lissafawa sun shigo ne ta wannan ƙofa, ko da yake ba za a ce hakimai da dagatai ba su da nasu ba.

Akwai kuma wata wuya wadda ta fi wannan zurfi, sai da misali za a gane ta. Ku dubi ranar suna. Liman ne ke raɗa suna, da ya faɗa an shafa fatiha yaro ya sami suna. Sa'an nan maroƙi ya miƙe ya ɗaga murya ya gaya wa taro. Daga baya a aika wa dangi na nesa su sani. Haka a ɗaurin aure: waliyyi da wakili su ke ƙulla abu da bakinsu a gaban shaidu, maroƙi ya yi shelar an ɗaura, labari ya bazu. Aiki uku ne daban. Na farko magana ce mai yin abu, kamar mutum ya ce wa bawansa "na 'yanta ka", da faɗi da aukuwa duk ɗaya. Wannan ita ce declare a bakin masu doka. Na biyu shi ne ɗaga murya da sunan mai iko, shi ne proclaim. Na uku ba da labarin abin da ya riga ya auku ko yake tafe, shi ne announce, mu kuwa muka ce sanarwa, daga sani. Takardar Gwamna tana haɗa na farko da na biyu a cikin kalma guda, ita ce liman ita ce maroƙi. Malamin da ya fassara ta da "ana sanad da jama'a" ya mai da doka labari. Wanda ya ce "an yi shela" ya yi alkawarin muryar da mai yiwuwa ba ta fita ba. Wanda ya ce "an kafa doka" ya fi kusa, sai dai ba kowace takarda ce doka ba.

Kada wani ya ce ƙarancin kalmomin Hausa ne ya jawo haka. Jamusawa, waɗanda mutanensu na cikin na farko da suka tattara kalmominmu a ƙamus, kamar Schön a 1876, da Mischlich wanda ya zauna da Imam Umaru, haifaffen Kano, a Kete Karachi, ya fitar da nasa a 1906, su ma in za su juya kalmar nan ta Ingilishi zuwa harshensu sai sun tsaya sun zaɓa. In alƙali zai faɗi hukunci ko za a fitar da doka, verkünden suke cewa. In ba da labari ne kawai, bekanntgeben. In abin bai zo ba tukuna, ankündigen. In kuwa mutum zai tsaya gaban taro ya kira sabon abu da murya, kamar yadda Scheidemann ya yi a majalisar Balin ran 9 ga Nuwamba 1918, ya ce mulkin sarki ya ƙare jamhuriya ta tsaya, to, ausrufen ne, tushenta kuwa kira. Ita kanta proclaim daga Latin ta fito, asalin ma'anarta ɗaga murya a gaban mutane. Ingilishi ma da masu shelarsu a da, masu yawo da ƙararrawa, kuma ba su yar da abin ɗungum ba: da aka naɗa Sarauniya Elizabeth a 1952, da ɗanta Charles a 2022, sai da mai shela ya fito a fadar St James a Landan ya karanta da baki. Watau su ma daga murya suka faro, takarda ta zo ta cinye muryar, sunan ya saura.

Yanzu mu duba abin da wannan ya haifar a gonakin arewacin Kano, mu fara da bauta. A 1901 Lugga ya yi dokar bayi. Ta hana kamu da saye da sayarwa, ta ce duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afril 1901 ɗa ne, ta kuma ce kotun Turawa ba ta san wani mutum a matsayin dukiyar wani ba. Amma ba ta hana mutum riƙe bayin da ke hannunsa ba. To, ka ba mai shela wannan ya faɗa a kasuwa. Yaya zai ce? Bahaushe ya san bawa, ya san ɗa, ya san 'yantacce. Bai san mutumin da doka ba ta kira shi bawa ba amma yana kwana a rinjin ubangijinsa. Wurin da abin ya fi tsanani shi ne irin su Fanisau, kusa da Ungogo, garin da Sarki Ibrahim Dabo ya mai da ribaɗi lokacin yaƙinsa da Ɗan Tunku, inda Bature Clapperton ya same shi a 1824, wanda daga baya ya cika da gandayen sarauta da bayi masu noma su. Bayan 1903 labari ya riga shela isa. Abin da bayi suka ji shi ne Nasara ya hana bauta, da yawa suka kama hanya. Abin da iyayengiji suka ji daga fada shi ne ba a ƙwace wa kowa bawansa ba. Kowa da gaskiyarsa, domin kowa rabin takardar ya riƙe. Turawa kuwa ba su son gonaki su zama kufai, sai suka ƙi ba gudajje wurin zama, suka tura magana gaban alƙalai, a yanka wa bawa kuɗin fansa, ya yi murgu ya tara ya biya. Sai a 1936 aka yi dokar da ta kashe bauta gaba ɗaya. Shekara 35 ke nan tsakanin shelar da ma'anar da bayi suka ba ta tun ran farko.

Na biyu batun ƙasa. Bayan wani kwamiti da Gwamna Girouard ya sa aka kafa a Landan a 1908, aka yi dokar ƙasa ta 1910. Da kalmar declare ta buɗe aikinta: duk ƙasar Arewa, wadda ake zaune a kai da wadda ba kowa, ta zama ta 'yan ƙasa, amma a hannun Gwamna, shi ke riƙe da ita don amfanin jama'a, ba mai mallaka sai da yardarsa. A takarda, da faɗin haka abu ya auku. A Minjibir da Dawakin Tofa kuwa ba abin da ya motsa. Mutumin da kakansa ya zuba taki a gona, ubansa ya zuba, shi ma yana zubawa, ya san gonar gado ce, ana raba ta gaban alƙali, ana ba da aronta, ana jinginar da ita, in ta kama a sayar. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, gona ta ƙara daraja, ciniki ya ƙaru a maimakon ya ragu. Abin da manomi ya gani da idonsa a waɗannan shekaru shi ne malaman taki, ba takin jaki ba, masu auna gona da ƙafa don a yanka mata haraji. Wannan ya fahimta sarai, don an yi masa shela, an zo, an taka, an rubuta sunansa. Har ma ya ɗauki rubutun a kan shaida ce cewa gonar tasa ce. Dokar 1910 ta sake fitowa cikin sabuwar riga a 1962, ruhinta kuma ya shiga dokar ƙasa ta Nijeriya duka ta 1978, manomin Ungogo bai fasa cewa gonata ba.

Sannu a hankali Turawa suka gane in suna so a bi abu sai a bi da shi ta tsohuwar hanya. Lokacin karɓar haraji da jangali, zuwan masu lamba saboda agana, kashedi a kan sanƙarau da rani, fitowa kashe fara, ƙidayar mutane ta 1952, duka da gangami da mai shela aka yi su. A gefe guda kuma aka shiga gyaran Hausar takarda. Aka kafa ofishin fassara, wanda ya koma Zariya ya zama ofishin talifi a hannun Dokta East. Ƙamus na Bargery, wanda aka yi yawancin aikinsa a Kano, ya fito a 1934. A watan Janairu 1939 aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo, Malam Abubakar Imam yana edita, ba a yi wata tara ba Ingila ta ɗaura yaƙi da Jamus ran 3 ga Satumba. A nan Ingilishi declare ya ce, Hausa kuwa ba ta bukaci aro ba, tana da ɗaura yaƙi tun zamanin kuge. A shafukan jarida ne kalmar sanarwa ta sami gindin zama, har ta zama ita ce kan kowace takardar hukuma, ta neman ma'aikata da ta gwanjo da ta ranar jarrabawa. Kalma ce mai sanyi, ba ta tsoratarwa, ba ta kuma tilasta a ambaci mai ita. Ina tsammani abin da ya sa ofis ya so ta ke nan.

Da aka ɗaura Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, aka buɗe azuzuwan manya a ƙauyuka, aka riƙa buga ƙananan jaridu na larduna, Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, sai wani sabon abu ya auku. A karo na farko aka sami mutum a unguwa, ba dagaci ba, ba malamin hakimi ba, wanda zai iya tsayawa gaban takardar da aka manna a ƙofar ofis ya karanta, ya gwada ta da abin da mai shela ya faɗa jiya da dare. In takarda ta ce sule kaza, shela ta ce sule kaza da sisi, an san inda sisin ya shiga. Rasit na haraji ma ya daina zama laya da ake ajiyewa cikin tukunya ba a san abin da ke ciki ba. Zaɓe ya zo ya ƙara nuna bambancin kalmomin nan. A zaɓen tarayya na 12 ga Disamba 1959 kowa ya iya jin ƙuri'u nawa wane ya samu, wannan sanarwa ce, amma ɗan takara bai zama wakili ba sai da jami'in zaɓe ya miƙe ya faɗa da bakinsa, wannan kuwa aikin liman ne ran suna.

Ranar da Jihar Arewa ta karɓi mulkin kanta, 15 ga Maris 1959, an zaɓe ta ne ta dace da ranar da Sakkwato ta faɗi shekara 56 da suka wuce. Labarin wannan rana, da na 1 ga Oktoba 1960, ya isa karkarar Kano ta hanyoyi da yawa a lokaci guda: ta bakin dagaci, ta jarida, ta motar majigi mai lasifika, ta rediyo kuma, wadda ta komo da murya bayan takarda ta kore ta. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus ta buɗe nata sashen Hausa a 1963, inda tafintoci suka zauna suna juya waɗancan kalmomi huɗu na Jamusanci zuwa namu. Masu fassarar labarai su suka raba aikin da malaman En'e suka yi ta fama da shi. Suka bar sanar da ga labari, suka ƙera shelanta daga shela, suka ɗauko ayyana suka ba ta aikin magana mai yin abu, har aka saba da jin an ayyana dokar ta-ɓaci, an ayyana wane ya ci zaɓe.

En'e ta wuce da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, gundumomin da Mai Gunduma ya yanka suka zama tushen ƙananan hukumomin Ungogo da Minjibir da Bichi da Dambatta da sauransu. Amma akwai magana guda da har yau ba ta zauna da takarda kaɗai, ita ce ta ganin wata. Ko mutum nawa suka ga jinjirin watan azumi, jama'a ba su ɗaukar niyya sai shaidu sun kai wa hakimi, hakimi ya kai wa Sarki, Sarki ya kai Sakkwato, Sarkin Musulmi ya faɗa da bakinsa. Sa'an nan rediyo ta ɗauka, waya ta ɗauka, a unguwannin da ke cikin gonaki kuma a sami wanda zai fita cikin dare ya ɗaga murya don na cikin gida su ji.